Simintin da Na Yi wa Ɗakin Inna

Mun tashi da asuba daga Kano ranar Asabar, ana sallame salla muka shiga mota. Mu uku ne: ni, da ƙanena da ke tuƙi, da wani abokina malamin sakandare wanda ya ji za mu Daura ya ce sai ya raka mu. Ku da kuke bibiyata kun saba in na yi tafiya in dawo muku da labarin inda aka fi iya tsire da inda masu masauki suka cuce ni. Wannan karon ku yi haƙuri da ni, tafiyar ba ta daɗi ba ce, hankalina a tashe na yi ta.

Ranar Juma'a ƙanwata, wadda take aure a ƙauyenmu can ƙasar Dutsi, ta kira ni. Ta ce ruwan da aka yi ranar Alhamis tun hantsi har azahar ya kayar da katangu da ɗakuna a garin. Ta shiga ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ta ji daɓen da danshi, ɗakin kuma yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta roƙe ta ta koma gidanta, inda akwai ɗakin bulo mai rufin kwano, Inna ta ƙi. Na amsa mata da ƙarfin gwiwa cewa ai ɗakin Inna siminti ne ciki da waje, ni na sa aka yi, ba abin da zai same shi. Sai ta ce, "Yaya, ka dai zo." Wannan "ka dai zo" ita ta hana ni sakat.

Tun daga fitar Kano gari a lumshe yake, ba rana ba ruwa. Hanyar Dambatta duk ramukanta sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa shi. Ƙanena yana kaucewa yana tsaki, abokina yana riƙe da ƙofa yana salati. Gonakin gefen hanya kuwa ba daɗin gani. Gero ya fitar da kai amma ya kwanta, wake ya yi rawaya, gyaɗa ma ba ka ganinta sai ruwa kwance. A wasu ƙauyuka mun ga an fito da katifu da tabarmi an baza a bakin kwalta, don nan ne kaɗai wurin da ya bushe.

A Dambatta muka tsaya karin kumallo, shayi da ƙosai. Ƙosan bana ya rame, ɗaya bai fi goro ba, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Mai shayin ya ce kada mu ga laifin mai ƙosai, mu ga laifin wake. Ya ce a farkon damina sai da suka fita roƙon ruwa har sau biyu, don sun yi shuka ruwa ya ɗauke sati uku, shukar ta ƙone suka sake. Yanzu kuma liman ɗin da ya ja su roƙon ruwa shi ne yake roƙon Allah Ya sassauta.

Nan fa abokina ya samu aji. Darasin labarin ƙasa yake koyarwa, kuma in ya fara ba ya jiran a buga ƙararrawa. Ya ce damina dama can ba ta da alƙawari, iyayenmu sun ga shekarun fari sun ga na ruwa. Abin da ya sauya shi ne yanzu a damina ɗaya sai ka ga duka biyun. Duniya tana ƙara zafi, iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar ruwa, don haka sama sai ta yi ta tarawa tana riƙewa, ran da ta tashi saki sai ta juye na wata guda a safiya ɗaya. Ƙanena ya tambaye shi ko wannan zai fito a jarrabawa. Na yi dariya don kada a ce ban yi ba, amma hannuna yana kan waya. Na kira lambar Inna sau huɗu, a kashe.

Kazaure ta yi kore shar, duwatsunta sun sha ruwa sun yi kyau, wanda da a ce wata rana ce da na sauka na ɗauko muku hoto. Ban ko sauke gilashi ba. Wajen ƙarfe goma muka shiga Daura.

A Daura kowa leda yake nema, irin baƙar nan mai faɗi da ake rufa wa soro. Mai ledar da muka samu kusa da tasha ko ciniki ba ya yi, sai ya faɗi kuɗi ya kau da kai. Wani dattijo da ke bayana a layi ya ce in akwai wanda ya kamata a kai gaban alƙali bana, to mai leda ne. Muka saya dai, muka ƙara da goro da sabulu na tsaraba. Ƙanena ya dage sai mun sha fura, ya ce ba a ratsa Daura a wuce furarta. Gaskiyarsa ne, fura ce mai yaji da kindirmo mai kauri, amma ni ludayi uku na yi na ajiye. A wurin mai furar wani direba da ya taso daga Kongolam yake ba da labarin cewa can ma haka abin yake har tsallaken iyaka, masu dabbobi da yawa ba su samu hanyar fitowa kasuwa ba. Da muka ratsa ta cikin gari na ga gidajen ƙasa da suka zube, azara a tsaye cirko-cirko, mata suna tsintar kwanuka a cikin taɓo.

Muka ɗauki hanyar Katsina, can gaba muka saki kwalta muka shiga burji. Ba mu yi nisa ba muka iske koramar garinmu. Korama ce a suna kawai. Tun tasowata yashi na sani a cikinta, a nan muke buga ƙwallo, in an yi ruwa ta ɗan gudana rabin yini ta ƙafe. Ranar kuwa ruwa ne ja yana gudu, ya ci gaɓa har ya tono saiwar wata tsamiya. Mota ba ta da hanya. Muka bar ta a ƙofar gidan wani bawan Allah da ke wannan tsallaken, muka naɗe wanduna, takalma da leda a ka, muka shiga muna riƙe da hannun juna. Ruwan ya kai mana ƙugu. Malamin labarin ƙasa bai ƙara ambaton iska mai zafi ba, Ayatul Kursiyyu kawai nake jin yana karantawa. Sauran tafiyar a ƙafa muka yi ta, muka isa gida ana kiran azahar.

Sai na ɗan yi muku bayani kafin in shigar da ku gidan. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma ita ta mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In muna zaune tare ba ta duban fuskata, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wani ya faɗa mini, ko da ina tsugune a gabanta. Ɗakinta kuma na ƙasa ne mai rufin soro, mahaifinmu Malam ya gina shi tun kafin a haife ni. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe shi, a toshe tsaga, a gyara indararo. Bayan rasuwar Malam aikin ya dawo kaina, ni kuwa ina Kano, wata shekarar sai hadari ya fara haɗowa nake tunawa. Shekara shida da suka wuce na ce na gaji da wannan wahala. Na ɗebo magina daga birni suka shafe ɗakin da siminti ciki da waje, aka yi masa shuɗin fenti. Akwai wani tsohon magini a garin, aminin Malam, wanda shi yake yaɓen tun asali. Ya same ni a lokacin ya ce kada in yi, ƙasa ba ta son a sa mata rigar da ba za ta sha iska ba. Na yi masa godiya, na ba shi goro, a raina na ce tsoho yana kare sana'arsa ne.

Da muka shiga gidan, ɗakin yana nan tsaf, fenti yana ƙyalli, ko tsaga babu sai wata siririya can sama wajen bakin soro. Na ji sanyi a raina, har na fara shirya yadda zan yi wa ƙanwata tsiya. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa wa ƙanena da abokina da fara'a, ni kuma ta amsa mini tana duban faranti. Sannan ta ce wa ƙanena, "Ka tambayi yayanka, wa ya ce masa ba ni da lafiya da zai kwaso ku cikin wannan ruwa?"

Muka yi salla, muka ci tuwon dawa da miyar kuka wanda ƙanwata ta kawo. Ita ce ta aika aka kira Baba magini ba tare da ta shawarce ni ba. Ya zo yana dogara sanda, ya tsufa ƙwarai fiye da yadda na bar shi. Bai tayar da tsohuwar magana ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ta gabas inda ruwa ke duka, wajen da ke fuskantar lungu, ya ce in biyo shi. Ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa daga sama zuwa ƙasa, sannan ya ce, "Ɗan Malam, kawo kunnenka nan." Ya sake bugawa. Ƙarar da na ji irin ta ƙwarya ce da aka kife, ba komai a bayanta.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Ruwa yana shiga ta waccan siririyar tsaga ta sama, ya gangara tsakanin siminti da ƙasa, ba shi da hanyar fita. A da, in an yi ruwa yau sai a kwana biyu ana rana, bango ya sha ya bushe. Ruwan yanzu kuwa ya fi ƙarfin indararon da aka yi don ruwan da, sai ya taru a kan soro ya yi ta tsatsafowa. Ya ce bangon ƙasa tsirara yana da kirki, in zai faɗi sai ya yi sallama, ya tsage, ya zubar da ɓarɓashi, mutum ya kwashe kayansa. Wanda aka rufe da siminti kuwa yana nan da kwalliyarsa har zuwa lokacin da zai zauna a kan mai ɗakin. Na tambaye shi ko ledar da muka sayo za ta yi amfani. Ya ce da a watan jiya ne. Na ɗaga kai na dubi gabas, hadari ya fara haɗowa baƙi ƙirin.

Muka koma wurin Inna. Ƙanena ya yi magana, ƙanwata ta yi, abokina ma ya sa baki da nasa bayanin. Ta saurare su duka, ta ce ita ba ta ga abin da ya samu ɗakin ba, nan Malam ya bar ta, nan za a zo a same ta. Na ce, "Inna, don Allah ko na kwana biyu ne." Ta ce wa ƙanena ya faɗa mini ɗakin da aka yi wa aiki mai kyau ba a gudunsa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na fita tsakar gida ina huci, ina cewa a raina taurin kan tsufa ne kawai.

Ƙanwata ta biyo ni, ta ja ni cikin ɗakin ta ɗaga wata sabuwar tabarma da aka rataye a bangon gabas. Bayanta fentin ya kumbura ya yi baƙi tun daga ƙasa har tsayin ƙirjina. Ta ce Inna ce ta rataye ta da hannunta tun sati biyu da suka wuce, don kada masu shigowa su gani. Ta ce tun da aka yi simintin nan ba matar da za ta shigo gidan Inna ba ta nuna mata shi ba, tana cewa aikin babban yaron nan ne na Kano. In ta kwashe kaya ta fita yau, gobe gari zai ɗauka cewa aikin ɗanta ya lalace, kuma Baba magini ya hana shi ya ƙi ji. Wannan ne ba za ta iya ba.

Na tsaya riƙe da gefen tabarmar, kunya ta rufe ni. Matar da ba ta taɓa yaba mini a gabana ba, ashe sati biyu tana kwana a ƙarƙashin jiƙaƙƙen bango don kada a yi da ni. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, kaji suna shigewa akurki.

Na fita lungu. Mutane sun ɗan taru a nan, maƙwabta da suka zo yi mana sannu da zuwa, Baba yana zaune a kan dakali. Na roƙi maƙwabcinmu guduma. Na je jikin bangon, daidai inda Baba ya ƙwanƙwasa, na ɗaga na buga. Bugu na biyu wani ɓangaren siminti mai faɗin faifai ya ɓalle ya faɗo, ƙasar da ke bayansa ta biyo shi tana zuba kamar kunu. Na ɗaga murya yadda na tabbata za a ji daga cikin gida, na ce, "Jama'a ku shaida. Baba ya hana ni wannan aikin na ƙi ji. Ni na ɓata ɗakin nan, ba wani ba." Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa.

Da na koma ciki Inna ta ajiye farantin shinkafa. Ina tsaye ina jin tsawa daga nesa, kowace daƙiƙa kamar shekara. Can ta ce wa ƙanena, "Ku fara da akwatin littattafan Malam."

Ban taɓa ganin an kwashe ɗaki da sauri haka ba. Maƙwabta suka shigo, wannan ya ɗauki gado, wannan kwalla da kwanuka, wancan buhun gero. Abokina ya rungumi tukunyar ruwa yana tafiya da ita kamar mai ɗauke da jariri. Ƙanwata ta riƙe hannun Inna suka fita, ba ta waiwaya ba. Muna fitar da katifa ɗigon farko ya sauka, manya-manya masu zafi a jiki.

A gidan ƙanwata muka zauna, ruwa yana dukan kwano har ba mai jin maganar wani. La'asar a ɗaki muka yi ta. Na leƙa ta taga, lungun da muka bi ɗazu ya zama rafi, yana tafe da kara da takalma. Bai kai awa ɗaya da farawa ba maƙwabcinmu ya shigo a jiƙe sharkaf, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mini alama da hannu. Ya ce ɗakin ya zauna. Ya ce ko ƙara mai yawa bai yi ba.

Da ruwa ya tsagaita muka je. Bangon gabas ya rufta ciki, soron ya biyo shi, azara da ƙasa sun cika inda gadon yake. Bangon yamma kuwa yana tsaye da shuɗin fentinsa, ko ƙwarzane babu. Na zauna a kan turmi. Na san wasu za su ce gudumata ce ta ƙarasa shi. Na tambayi Baba, ya ce ko ban taɓa shi ba, wannan ruwan ba zai bar shi ba. Allah ne masani.

Ƙanena ne ya faɗa wa Inna. Ta yi salati, ta yi hamdala, ta tambaya ko kajinta sun tsira. Sannan ta ce masa, ina zaune ina ji, "Ka ce wa yayanka kada ya sa abin a ransa. Duk wanda ya tambaya a ce ruwa ne. Ruwan bana ba irin wanda muka sani ba ne."

Washegari da safe kafin mu tafi na iske mutum huɗu a ƙofar gidan Baba, kowa yana roƙon ya zo ya ƙwanƙwasa masa bango. Nan na san cewa bayan nawa aikin gidaje da dama a garin sun yi koyi da ni, yawancinsu 'ya'ya ne da ke birni suka aiko aka yi wa iyayensu. Wannan ya fi faɗuwar ɗakin tsaya mini a rai. Muka yi da Baba cewa in kaka ta yi zai duba wurin, ya faɗi irin ginin da zai iya da ruwan yanzu, kuma wannan karon abin da ya ce shi za a yi. Koramar ta sauka zuwa gwiwa, muka haye, muka sami motarmu lafiya. Mai gidan ya ƙi karɓar ko sisi, sai goro muka bar masa. A Daura ba mu tsaya ba. Muka shigo Kano bayan la'asar ana yayyafi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Gidajenmu da indararonmu da lissafin shukarmu duk an yi su ne a kan ruwan da iyayenmu suka sani, wannan ruwan kuwa ya sauya hali, kuma ba ya jiran mu gama gardama. Dabarar da na ɗauko daga birni don in huta ita ta kusa kashe mahaifiyata. Har yanzu akwai sauran damina, kuma duk sanda na ga gabas ta yi baƙi sai in kama waya. Inna ta ce a ce ruwa ne, kuma ruwan ne, amma da hannuna a ciki, shi ya sa na saɓa mata na rubuta muku. In kana da tsohuwa a ƙauye a ɗakin ƙasa da ka shafe mata da siminti, kada ka tambaye ta a waya, za ta ce maka lafiya lau. Ka je da kanka ka ƙwanƙwasa bangon.